ƘUDAJEN LAURATU

Shafi na 9

Na Zahara'u Ɗangiwa

Da sunan Allah na fara. Ku yi min afuwa, na kwana biyu ban sako ba. Wannan shafin na rubuta na goge, na sake rubutawa na sake gogewa, har Antina ta ce in ban tura yau ba za ta ƙwace wayar ta tura da kanta. Labarina ne na farko, wanda ya ga kuskure ya gyara min a hankali. 'Yar'uwar da ta ce ƙudajen nan sun ishe ta, don Allah ki daure ki karanta na yau.

*

Tun da Lauratu ta dawo Tambuwal daga karatu a Ingila ba ta sa Innarta a ido ba.

Amsar kullum ɗaya ce.

"Tana Kebbe wurin danginta. Tana nan tafe."

Mangwaro ya nuna, ya cika kasuwa, ya fara ƙarewa. Inna Atu ba ta taho ba.

Lauratu ba ta matsa da tambaya ba, don ita 'yar fari ce. Tun daga yaye aka miƙa ta ga Gwaggo Marka, ƙanwar mahaifinta Malam Attahiru. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. In magana ta kama dole, sai ta kalli bango ta ce, "A gaya wa ɗiyar Marka." Ranar da gwamnatin jiha ta tura ta karatu, unguwa duk ta fito rakiya, ban da Inna. Sai da ta isa can ƙasar sanyi ta buɗe akwati, ta ga ƙullin dakuwa a ƙarƙashin zannuwanta. Ba wanda ya ce mata ga mai sawa. Ta dai san ɗaurin.

To yanzu ta dawo, ɗakin gwajin da aka yi mata alkawari a Sakkwato ba a ko rufa shi ba, ƙawayenta duk suna gidajen mazajensu, mutanen gari kuwa sun laƙa mata Likitar Ƙuda. Abokan hirarta su ne 'yan ƙananan ƙudajen nan masu jajayen ido, irin masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. A cikin kwalabe take kiwonsu. Ta dama musu garin masara da sukari da yis, ta toshe bakin kwalbar da auduga, ta jera su a bayan randa, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu saboda zafi.

Da hantsin nan ta ɗaga buhun.

Ta tsaya.

Jerin gaba yana nan. Jerin baya babu ko ɗaya, sai zanen gindin kwalabe a kan yashi.

"Gwaggo!"

Gwaggo Marka tana bakin murhu tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

"Gwaggo, wa ya shiga ɗakina?"

"Ɗakinki ko ɗakin ƙuda?"

"Kwalabena na bayan randa. Ba su nan."

"Au, waɗannan? Ni na ɗauka. Na wanke su tas da toka da ruwan zafi."

Lauratu ta dafa turmi.

"Kin... wanke?"

"Ɗiyata, ƙazantar da ke ciki! Tsutsa ta ko'ina, wasu ƙatti kamar an hura su. Ai ban yi miki ɓarna ba, sai da na duba. Masu lafiyar na bar miki. Waɗanda sunka lalace kaɗai na zaɓa."

"Masu fiffiken fa?"

"Na sake su. Ga su can kan ɓawon mangwaro suna ta murna."

Lauratu ta juya. Can gindin zana, inda ake zuba shara, ƙudaje ne ke shawagi, nata da na Tambuwal sun gauraya, babu mai iya rabawa.

Ta zauna a ƙasa.

Waɗannan kwalaben a cikin jakar hannu ta ɗauko su, tana rungume da su a ƙirji tun daga Landan har Kano, ta ƙi barci don kada a matse su.

"Gwaggo, masu kumburin su ne karatun. Su na yi shekaru ina haɗa iyayensu kafin in same su. Masu lafiyar ai ko a juji akwai su."

Rariya ta tsaya a hannun Gwaggo.

"Ke nan marasa lafiyar kike so?"

"Su nike so."

"Wanga karatu naku dai." Ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Lauratu ta share ido da gefen mayafi. Ba ta iya faɗa da Gwaggo, matar da ta goya ta. Amma wani abu ya tsaya mata a rai. Gwaggo tana ƙyamar ɗakin nan, ko shara ba ta shiga yi.

"Mi za ki yi da kwalabe?"

"Man shanu zan zuba."

"Wane man shanu? Rabon da a kawo mana nono tun kafin azumi."

"To mai na gyaɗa."

"Gwaggo."

"Ke wai alƙali ta? Tashi ki ba ni wuri, aiki gare ni."

Tana faɗa tana jan wani kwando da ƙafa zuwa bayan kujerarta. Kwandon ya yi ƙara, irin ƙarar da Lauratu ta fi kowa sani. Gilashi ya taɓa gilashi.

Ta miƙa hannu ta ɗage faifan da aka rufe shi da shi.

Kwalabenta ne, a jere cikin dusa. Kowace cike da baƙin ruwa, an toshe da audugarta.

"Rubutu ne wannan."

Gwaggo ta ci gaba da tankaɗe.

"Shi ya sa Malam ya daina ba da karatun la'asar. Kullum shina zaure da allo da tawada, na ɗauka wani baƙo ya kawo aiki." Lauratu ta ɗago kai. "Gwaggo, wa za ya sha rubutu mai yawa haka?"

"Gorunan da munka aika da su wancan karon sun fashe a mota. Naki baki gare su mai faɗi, kuma ba su..."

"Ban tambaye ki gora ba. Wa ke ciwo?"

"Lauratu, an ɗaure ni da alkawari."

"Ina za a kai su?"

Gwaggo ta ajiye rariyar. Garin ya zube a zaninta ba ta kakkaɓe ba.

"Kebbe."

 Daga zaure ana jin ƙarar alƙalamin Malam a kan allo.

"Inna?"

"Ita ta."

"Mi ya same ta?"

Gwaggo ta dubi ƙofar zaure, ta rage murya, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinta na hagu.

"Nan. Da fari ɗan ƙullutu na kamar ƙwallon goruba. Ba zafi, ba komi. Yanzu ya taurare, fatar wurin ta canza. Tsofaffi sun duba sun ce daji na."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damanar bara."

Lauratu ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ciwon daji. Gwaggo, kin san abin da ke cikin tsutsotsin da kinka zubar? Kin san abin da ya kumbura su? Shi ne. Shi na tafi in karanta. Ina can ina leƙen shi a cikin ƙuda, shina nan cikin ƙirjin uwata, kuma duk gidan nan ba wanda ya iya buɗe baki?"

"Ita tac ce kada a gaya miki."

"Don mi?"

"Haba ɗiyata, kamar ba a nan anka haife ki ba? Ta san in kin ji sai kin ce za ki duba. Yaya Atu za ta kwance zane gaban ɗiyar fari? Sunanki ma ba ta iya kamawa. Da anka ce jirginku ya kusa, ta ɗaure kayanta ta bi motar Kebbe."

"Ke nan ni ta guda."

"Kunya ta guda."

"Ni ta guda, Gwaggo."

 Gwaggo ta jawo faifan ta mayar a bakin kwandon.

"Ki yi haƙuri, in Allah ya so ya kusa ƙarewa. Yau Ɗanmaliki wanzami za ya yi mata sakiya. Shi ya sa Malam ke son rubutun ya isa kafin la'asar, ta sha kafin a sa ƙarfe."

Lauratu ta miƙe tsaye da sauri har turmin ya yi girgiza.

"Ƙarfe? A wuta?"

"To da mi ake sakiya? A huda, mugun ruwan ya fita."

"Babu ruwa a ciki! Ba maruru ba ne!"

Ƙarar alƙalami ta tsaya a zaure.

Sai ga muryar Malam ta bayan zana, a sanyaye. Shi ma bai kira sunanta ba.

"Marka."

"Na'am, Malam."

"Motar Kebbe ta kusa cika. Ku tafi tare."

*

Akori-kura ce, an loda mata buhunan gishiri da kwanon rufi. A baya suka zauna. Gwaggo ta rungume kwandon a cinya, duk ramin da motar ta faɗa sai kwalaben su yi kuka.

Sai da suka bar gari sosai Lauratu ta tuna ba ta jiƙa buhun ba. Da wannan rana, sauran ƙudajen ba za su kai yamma ba.

Ba ta ce a tsaya ba.

Gwaggo ta daɗe tana satar kallonta.

"Fushi kike da ni?"

"A'a."

"To yi min magana. Mi ya sa kinka firgita da sakiya? Ɗanmaliki ya yi wa mutane ba iyaka. Ni kaina ya yi min a ƙafa."

Lauratu ta ja numfashi. Ba ta taɓa yin wannan bayani da Hausa ba. Ba wanda ya taɓa tambayarta.

"Jikin mutum, Gwaggo, 'yan ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, an jera su kamar tubali. Na ƙuda ma haka. Kowace ƙwaya tana da wa'adi. Kuma a cikinta akwai wani sinadari, ki ɗauke shi kamar ɗan almakashi. In wa'adinta ya cika, almakashin ya buɗe, ya yanyanka ta daga ciki, ta mutu salin alin, wata ta maye gurbinta."

"Ikon Allah. Da almakashinta take yawo?"

"Da shi take yawo. Yanzu haka da muke zaune, wasu na mutuwa a jikinki."

"A jikinki dai! Ni lafiyata lau."

Lauratu ta yi murmushi kaɗan, bai daɗe ba.

"Mutuwarsu ita ce lafiyar. Ranar da almakashin ya ƙi buɗewa, ƙwayar da ya kamata ta tafi sai ta zauna. Ta haifi wata, waccan ma ta ƙi tafiya. Su taru su zama ƙullutu. Tsutsotsin da kinka gani sun kumbura, abin da ya same su ke nan. Ni kuwa almakashin nike nema, in gane mi ke hana shi."

"To ai wuta ta fi almakashi. A ƙone su kawai."

"Nan ne tsorona. An gwada a ƙuda. In an kashe wani ɓangare an bar wani, waɗanda ke mutuwa ba su tafiya shiru. Kamar kira suke wa maƙwabtansu, su ce ga gurbi, ku cike. Sai maƙwabtan su hau haihuwa. In wurin mai lafiya ne, haka rauni ke warkewa. In wurin ƙullutu ne fa?"

Gwaggo ta ƙara matse kwandon.

"A mutum ma haka na?"

"Ban sani ba. A ƙuda na gani. Abin da na sani a mutum shi ne, in an huda wanga ciwo da ƙarfe, raunin ba ya rufewa. A asibiti cire shi ake yi gaba ɗaya, in an kai da wuri."

"Maza su buɗe ta? Atu?" Gwaggo ta girgiza kai. "Ta gwammace kabari."

 Gonaki ne fetal a hagu da dama, an share ana jiran ruwa. Lauratu ta kifa kai a gwiwa. A Landan ta yi zaman kaɗaici, amma can aƙalla tana cewa a ranta akwai gida.

*

Ƙaurin gawayi ne ya fara tarar su tun daga zauren gidan kawunta a Kebbe.

A tsakar gida, gaban wani ɗaki mai asabari a sake, dattijo Ɗanmaliki wanzami ne tsugune da zabira a gefensa. Kasko na gabansa, garwashi ya yi jajir, ya cusa bakin wani siririn ƙarfe a ciki yana fifita.

"Salamu alaikum," in ji Gwaggo.

"Wa alaikumus salam. Marka, kin iso a kan kari. Rubutun kaɗai muke jira." Ya ɗaga ido ya dubi Lauratu, daga takalmi har tabarau. "Wagga ita ta Likitar Ƙuda? Sannu da zuwa, abokiyar sana'a."

"Baba, don Allah ka cire ƙarfen nan daga wuta."

"Ashe ba a gaisuwa a Ingila."

"Ina wuni, Baba. Don Allah ka cire shi."

Daga cikin ɗakin aka yi tari. Sai wata murya ta fito ta bayan asabari, ta ƙanƙance har Lauratu ta kusa kasa gane ta.

"Marka."

"Na'am, Atu. Ya jikin?"

"Da wa kinka zo?"

Gwaggo ta ajiye kwandon a hankali.

"Ba laifina ba ne. Kwalabenta na ɗauka, ita kuwa..."

"Na ce da wa kinka zo?"

"Da ɗiyata."



Lauratu ta taka har bakin ƙofar ta durƙusa. Asabari kaɗai ke tsakaninsu. Tana jin numfashin Inna.

"Inna, ina wuni."

Ta ƙara matsawa kusa da asabarin.

"Inna, na dawo tun tuni. Na zo da tsarabarki, tana cikin akwati ban ba kowa ba."

"Marka, gaya wa ɗiyarki ta koma Tambuwal. Motar ba ta juya ba tukuna."

"Ba ni komawa. Inna, ba sai na gani ba. Wallahi ba ni duba ki. Ki rufa da bargo ma in kin so. Ki dai bari in kai ki asibiti Sakkwato. Zan nemo mace ta duba ki, ko daga ina ne. Kada ki bari a sa miki ƙarfen nan."

Ɗanmaliki ya juya ƙarfen a cikin garwashi.

"Ni dai kirana anka yi. Ban ce ina warkar da daji ba, Allah ke warkarwa. Amma baiwar Allah ba ta barci saboda nauyin abin. In mai jiki tac ce a yi, yi nike. In tac ce a bari, in naɗe zabirata."

Tabarma ta yi motsi a ciki, kamar mai ƙoƙarin tashi zaune.

"Marka."

"Ina jin ki."

"An ce ɗiyarki ƙudaje take kiwo."

"Masu irin ciwonki ma. Haka tac ce min yau."

"Shekara da shekaru tana abu ɗaya."

"Haka na."

"Tambaye ta. Cikin ƙudajen nan da sunka kamu, nawa ta warkar?"

Gwaggo ta juyo ta dubi Lauratu. Idonta na roƙo. Ki faɗi wani abu, ko mi ne ne, ba wanda za ya ƙirga.

Lauratu ta buɗe baki. Ƙarya ɗaya za ta isa. Inna ba ta san kwalba ba, ba ta san tsutsa ba.

Amma wannan ce tambaya ta farko da Inna ta taɓa yi a kan karatunta.

"Ko ɗaya," ta ce.

"Ban ji ba."

"Ko ɗaya, Inna. Duk mutuwa suke. Ina dai kallonsu ne in gane dalili."

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi.

"To madalla da mai gaskiya," in ji muryar. "Marka, miƙo min rubutun. Ɗanmaliki, bismillah. A ba shi hanya."

Dattijon ya naɗe tsumma a hannu ya zaro ƙarfen. Bakinsa ya yi ja har yana ɗaukar ido. Ya miƙe.

"Ɗiyata, matsa."

Lauratu ta matsa.

Ta matsa har gindin randar da ke jikin bango, ta cika moɗa, ta juyo. Kafin Gwaggo ta ce wani abu ta sheƙa ruwan a kan ƙarfen, ragowar a cikin kasko.

Caaa!

Tururi da toka suka turnuƙe tsakar gidan. Ɗanmaliki ya ja da baya yana tari yana salati. Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka.

"Mun shiga uku! Lauratu, a gidan kawunki? Gaban uwarki?"

Moɗar ta suɓuce daga hannunta.  Ta koma bakin ƙofar, ta ba asabarin baya, ta ware hannuwa ta riƙe dogaran ƙofar biyu.

"A sake hurawa in sake kashewa," ta ce, hawaye na shiga mata baki. "Ki tsine min in kin so, Inna. Ko tsinuwar ce, ki dai yi da ni, ba da Gwaggo ba."

Ba wanda ya motsa. Garwashin da ya jiƙe yana ta 'yar ƙara yana mutuwa.

Sai ta ji asabarin ya taɓa bayanta. Ana naɗe shi daga ciki, a hankali, da hannu ɗaya.

Ta kasa juyawa.

Yatsu masu zafi suka kama gefen mayafinta.

Muryar ta zo dab da kunnenta, tana sarƙewa, kamar mai ɗanɗana kalmar da ba ta taɓa sawa a baki ba.

"Lauratu."